Ƙibar Kaka da Ramar Damina: Jiki Amana Ne

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicci mutum, Ya daidaita gaɓoɓinsa, Ya sanya wa kowane abu gwargwadonsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, sanannen abu ne a ƙasar Hausa cewa idan aka daɗe ba a ga mutum ba, sa'an nan aka tarar ya yi jiki, sai a ce masa, "Kai wane, lalle ka samu duniya, ka murje!" Idan kuwa ya rame, sai a shiga tambayarsa ko ciwo ya yi, ko wani abu ke damunsa. A ganin jama'a dai ƙiba shaidar wadata ce da kwanciyar rai, rama kuwa alamar wahala. Ga shi kuma a wannan zamani likitoci suna ta gargaɗi a rediyo cewa teɓa ita ce ƙofar hawan jini da ciwon suga, har wasu 'yan birni sun koma kallon mai ƙiba tamkar mai laifi. To, tsakanin waɗannan ra'ayoyi biyu ina Musulmi zai tsaya? Shin ƙiba ni'ima ce da za a gode wa Allah a kanta, ko aibi ne da za a tuba daga gare shi? Da wane ma'auni kuma za a gane jikin da ya daidaita?

Shekarar manomi

Duk wanda ya san ƙauyukan ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun, irin su Ruwan Gizo, ya san jikin manomi ba ya zama a kan awo ɗaya daga farkon shekara zuwa ƙarshenta. Ruwa yakan sauka wajen watan Mayu ko Yuni, a yi shuka, a shiga noman farko, a koma maimai. Kafin a kai tsakiyar marka, watau Yuli da Agusta, abubuwa huɗu sun haɗu a kan gida ɗaya: rumbu ya kusa ƙarewa, hatsi ya yi tsada a kasuwa, aiki ya kai matuƙarsa, ga kuma masassarar cizon sauro tana kwantar da yara da manya. A lokacin ne tuwon dare ke raguwa, a koma ga kwaɗon tafasa da zogale da yaɗiya domin a cika ciki. Magidanci ya ƙara tsuke mazagin wandonsa, mai shayarwa ta ga ƙashin wuyanta ya fito.

Da gero ya nuna a watan Satumba, aka fara cin tumu, sai fuskoki su soma komawa. Kafin a gama yankan dawa an sami fura da nono, da hoce, da tuwo mai man shanu. A cikin kaka da hunturu ake ɗaura aure, a yi dambe da kokawa, domin a lokacin ne samari ke da ƙarfin da ya wuce bukatar gona. Abin da damina ta zabge, kaka ta mayar.

Wannan hawa da sauka ba a ƙasar Zamfara kaɗai ake ganinsa ba. A ƙauyen Keneba na ƙasar Gambiya, inda masu bincike daga Ingila suke auna mutane tun wajen 1950, an tabbatar da cewa manoma, maza da mata, sukan rasa 'yan kilo a kowace damina su maido da su bayan girbi, kuma jariran da aka haifa a watannin yunwa sun fi na kaka ƙarancin nauyi. Hikimar da ke ciki ita ce, kitse rumbu ne da Allah Ya gina a cikin jiki. Kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da ƙarfin da ya kai na abincin baligi na wajen kwana uku. Mai karanta Suratu Yusuf zai tuna da mafarkin sarkin Masar game da shanu bakwai masu ƙiba da bakwai ramammu, da yadda Annabi Yusufu, aminci ya tabbata a gare shi, ya ba da shawarar a tanadi amfanin shekarun yalwa saboda shekarun tsanani. Abin da ya tsara wa ƙasa guda, shi ne jikin manomi ke yi wa kansa kowace shekara. Saboda haka ƙibar kaka ajiya ce mai ranar buɗewa, kuma babu aibi a cikinta.

An so a rage wannan wahala ta damina da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Kogin Sakkwato a 1978, domin wanda ya sami fili a noman rani yana da girbi na biyu da zai kai shi ga sabon gero. Amma fa fitinar 'yan bindiga, wadda ta addabi Zamfara fiye da shekara goma, ta raba mutane da yawa da gonakinsu da dabbobinsu, har ya zama a wasu gidaje kaka tana zuwa ba ta mayar da komai. A 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ta kula da yara masu tamowa a garuruwan Zamfara da dama, har da Talata Mafara, ta auna yara a Shinkafi da Zurmi, ta sami kusan ɗaya cikin kowane huɗu na 'yan ƙasa da shekara biyar yana fama da tamowa. Duk mai magana a kan rage ƙiba a wannan ƙasa, wajibi ne ya riƙe wannan a zuciyarsa.

Rumbun da ba a buɗewa

Jikin ɗan birni irin na ɗan ƙauye ne, tanadi ɗaya aka yi musu. Bambancin shi ne ɗan kasuwa ko ma'aikacin ofis, wanda babur ko mota ke kai shi ko'ina, kaka tana zuwa masa sau da yawa a shekara, damina kuwa ba ta zuwa. Akwai ƙaramar salla, akwai soyayyen naman layya da ake ci har makonni, akwai walimar aure da suna, kuma babu garma ko fartanya da za ta karɓi abin da aka tara. A 2000 an buga wani bincike da aka yi a Amurka a kan mutum 195, aka ga cewa a lokacin bukukuwansu na ƙarshen shekara abin da mutum ke ƙarawa bai ma cika rabin kilo ba. Sai dai wannan ɗan kaɗan ba ya sauka bayan biki, yana nan har bikin baɗi ya ɗora masa wani. Rabin kilo a shekara, kilo goma ke nan a shekara ashirin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana da teɓar da ta kai matsayin ciwo.

Hatta azumin watan Ramalana bai tsira daga wannan ba. Da masana suka tattara binciken da aka yi a ƙasashen Musulmi, sun ga cewa mai azumi yakan rasa kilo ɗaya da ɗoriya kawai a tsawon watan, kuma mafi yawansa yakan dawo cikin 'yan makonni bayan salla. Akwai ma waɗanda ke fita daga azumi sun fi yadda suka shiga nauyi, saboda an mai da buɗa-baki gasar ƙosai da soyayyen dankali da lemon kwalba, an mai da yini lokacin barci. Watan azumi yana matsowa da wajen kwana 11 kowace shekara, yana zagaya lokutan shekara cikin shekara 33 ko kusa da haka: a 1980 ya faɗo cikin marka, haka kuma a 2013. Manomin da ya yi azumi a bakin kunya a irin waɗannan shekaru, ya buɗe baki da kunu da ruwa, ya san wani abu game da azumi wanda mai faranti bakwai bai sani ba.

Nauyin jiki da nauyin mutum

Abu na farko da addini ya daidaita a wannan magana shi ne, sikeli ba ya auna darajar mutum. Imamu Ahmad ya ruwaito cewa wata rana Abdullahi ɗan Mas'udu, Allah Ya yarda da shi, ya hau itace domin ya yanko asuwaki, iska ta buɗe ƙwaurinsa, mutane suka yi dariya saboda sirantarsu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da su cewa waɗannan ƙwauri biyu sun fi dutsen Uhudu nauyi a mizani. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito daga Abu Huraira cewa za a zo da wani ƙaton mutum mai ƙiba ranar Ƙiyama, nauyinsa a wurin Allah bai kai fiffiken sauro ba. Ba ƙibarsa ce ta rage masa daraja ba, kamar yadda ba sirantaka ce ta ɗaukaka ɗan Mas'udu ba. Abin da ake aunawa can dabam yake da abin da ake aunawa nan.

Ita kanta Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta ba da labarin cewa ta yi tsere da Manzon Allah tana siririya ta wuce shi, bayan shekaru da ta yi jiki suka sake, ya wuce ta, ya yi mata raha cewa wannan ramuwar waccan ce. Babu gori a cikin labarin, babu zargi. Saboda haka mai yi wa matarsa ba'a don ta yi jiki bayan haihuwa, da mai kiran ɗan'uwansa da sunan tumbinsa, da mai ce wa siririya kamar ba a ba ta abinci, duk su duba hanin da Suratul Hujurati ta yi game da izgili da jifa da miyagun laƙabobi. Gado yana da hannu babba a ginin jiki. Akan sami mutum biyu suna ci a akushi ɗaya, wannan ya yi ƙiba wancan bai yi ba, kuma wasu cututtuka da wasu magunguna suna sa ƙiba ba da laifin mai ita ba.

To, in haka ne, me ake zargi? Abin zargi shi ne hanyar da ta kawo ƙibar, idan ɓarna ce. Aya ta 31 a Suratul A'arafi ta halatta ci da sha, ta hana wuce iyaka, a cikin numfashi ɗaya. Hadisin Miƙdamu ɗan Ma'adikariba, wanda Tirmizi ya ruwaito, ya nuna cewa ciki shi ne mafi sharrin mazubin da ɗan Adam ke cikawa, cewa 'yan lomomin da za su tsai da bayansa sun ishe shi, in kuwa ba makawa sai ya raba cikin uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi. Da malamai suka yi sharhin hadisin Imrana ɗan Husaini, wanda ya ambaci bayyanar ƙiba cikin alamun mutanen da za su zo bayan zamunan farko, sun bayyana cewa abin nufi shi ne wanda ya mai da ci da sha babban burinsa, banda wanda aka halitta da jiki. Imamu Gazali ya keɓe babi guda a cikin Ihya'u kan karya sha'awar ciki, yana nuna cewa ƙoshi mai yawa yana kawo yawan barci da nauyin ibada da mantuwa da mai jin yunwa. A nan gida ma Shehu Abdullahi na Gwandu ya rubuta littafin Masalihul Insani, wanda sunansa ya haɗa maslahar addini da ta jiki wuri guda, domin malaman wancan zamani ba su raba su ba.

Wani zai ce, ai ajali ɗaya ne, mai teɓa da marar teɓa duk ranarsu a rubuce take. Gaskiya ne. Amma Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, da ya ji annoba ta ɓarke a Sham, ya juya da jama'arsa bai shiga ba, ya nuna cewa kiyaye kai shi ma yana cikin ƙaddarar Allah. Kuma ba mutuwa kaɗai ake gudu ba. Akwai shanyewar ɓarin jiki, da gwiwar da ba ta iya sujada, da magidancin da ya koma kwance iyalinsa suna sayar da gona don sayen magani. Jiki amana ne, kuma za a tambayi mutum a kan yadda ya tsufar da shi.

Haka nan kuma addini bai yarda a azabtar da jiki da sunan tsoron Allah ba. Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi ya so ya riƙa azumi kullum yana tsayuwa dukan dare, Manzon Allah ya hana shi, ya tuna masa cewa jikinsa da idonsa da iyalinsa duk suna da hakki a kansa. A mazhabar Maliki mai ciki da ta ji tsoron cutuwa takan sha azumi ta biya daga baya, mai shayarwa kuwa ta biya ta kuma ciyar. Idan an yi wannan sauƙi a kan farilla, to ina dalilin wanda zai hana kansa abinci har ya faɗi don kawai a ce ya yi siriri?

Yadda ake awo

Tun da an hana wuce iyaka ta kowane gefe, lalle ne a san inda iyakar take, domin ido yana ruɗi, musamman idon da ya saba ganin tumbi a matsayin alamar girma. Likitoci suna da lissafin da suke kira BMI, wanda asalinsa daga wani masanin lissafi ne na ƙasar Beljiyam, Adolphe Quetelet, a shekarun 1830, aka kuma raɗa masa wannan suna a 1972. Ana ninka tsawon mutum da kansa a mita, sa'an nan a raba nauyinsa na kilo da abin da ya fito. Ga misali, mai tsawon mita 1.7, in an ninka za a sami 2.89. Idan nauyinsa kilo 65 ne, lissafinsa 22.5 ke nan. A tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙasa da 18.5 rama ce, daga 18.5 zuwa 24.9 daidai, daga 25 nauyi ya fara yawa, daga 30 kuwa teɓa ce. Watau mai wannan tsawo yana cikin daidai tun daga wajen kilo 54 har zuwa 72. Mai karatu ya lura da faɗin wannan fili. Manomin da ke kilo 66 a hunturu ya sauka 62 a marka bai fita daga cikinsa ba. Wanda abin ke yi wa haɗari shi ne wanda ya shiga damina yana bakin iyaka.

Wannan lissafi yana da gejinsa. Ba ya bambanta tsoka da kitse, don haka ɗan kokawa ko maƙeri zai iya fitowa a cikin masu nauyi alhali lafiyarsa lau. Ba a auna yara ko mai ciki da waɗannan lambobi. Ba ya kuma faɗin inda kitsen ya taru, alhali kitsen ciki shi ne mafi kusa da ciwon suga da na zuciya. Saboda wannan ne ake ƙarawa da wani awo wanda ba ya bukatar sikeli ko boko: a sami igiya a auna tsawon mutum daga ƙafa zuwa ka, a ninka ta biyu, a zagaya ta a ciki wajen saitin cibiya. Idan bakin igiya ya haɗu, ƙugu bai kai rabin tsawo ba, alhamdu lillahi. Idan ya ƙi haɗuwa, lokacin gyara ya yi, ko da sikeli bai ce komai ba.

Awon yara ya fi na manya gaggawa. Katin awo da ake bai wa uwaye a asibiti, mai layin da ke hawa wata-wata, a Nijeriya aka fara shi, a aikin Dokta David Morley a garin Imesi-Ile na ƙasar Yarabawa tun ƙarshen shekarun 1950. Abin dubawa a katin shi ne layin ya ci gaba da hawa. Yaron da nauyinsa ya tsaya cik wata biyu ko uku yana bukatar a duba shi. Akwai kuma ɗan tef mai launi uku da ake zagayawa a damtsen yaro daga wata 6 zuwa shekara 5: kore daga santimita 12.5 zuwa sama, rawaya daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5, ja kuwa ƙasa da 11.5, kuma ja yana nufin a tafi asibiti a ranar. A kiyaye da kumburi, domin kumburi ba ƙiba ba ne. Yaron da ƙafafunsa biyu suka kumbura, aka danna da yatsa wurin ya loɓa, tamowa ce mai tsanani ko da sikeli ya nuna yana da nauyi.

Babba ma idan ya ga yana ramewa ba tare da ya rage ci ko ya ƙara aiki ba, har ya rasa kashi 5 cikin 100 na nauyinsa a cikin wata shida zuwa shekara, kada ya tsaya ga cewa sammu ne ko maita. Ciwon suga da tarin fuka da wasu cututtuka da haka suke sallama, kuma neman magani sunna ce.

Hanyar ragewa da hanyar ƙarawa

Wanda igiya ta ƙi haɗuwa a cikinsa ba ya bukatar wata dabara daga nesa. Likitoci sun yarda cewa ragi mai ɗorewa shi ne rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako, kuma ba sai mutum ya koma kamar saurayi ba kafin ya ga amfani. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2002 ya nuna cewa mutanen da ke bakin kamuwa da ciwon suga, waɗanda aka ɗora a kan rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da tafiyar ƙafa ta minti 150 a mako, kamuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin 100. Minti 150 kuwa rabin awa ne a kwana biyar. Wanda ya ajiye babur ya taka zuwa masallaci sau biyar a yini ya sami wannan, ya kuma sami ladan kowane taki. Sai rage sukari a shayi da fura, da barin lemon kwalba, da ɗaga hannu daga akushi tun ciki yana da sauran wuri. Azumin Litinin da Alhamis da kwanaki uku na tsakiyar wata suna taimakawa, amma fa a tsarkake niyya: azumi don Allah ake yinsa, lafiya kuwa ta biyo baya a matsayin kyauta. Ba a kuma bukatar hawa sikeli kullum, domin ruwa da abinci kaɗai suna iya sauya nauyi da kilo ɗaya tsakanin safe da yamma. Sau ɗaya a mako, da safe, a sikeli ɗaya, ya wadatar.

Abin da ya wajaba a guje wa shi ne gaggawa ta hanyar ƙwaya. Yawancin shayin rage ƙiba da ake tallatawa zawo da fitsari yake sa wa, ruwa ne ke fita, kitse yana nan. A ɗaya gefen kuma ga magungunan sa ƙiba, irin waɗanda ake kira sha-ka-fashe, da 'yan mata da amare ke sha domin a ce sun cika. Wasunsu suna ɗauke da dexamethasone, maganin da likita ke bayarwa da awo don wasu cututtuka. Wanda ya daɗe yana shansa fuskarsa takan kumbura, jininsa da sukarinsa su hau, ƙashinsa ya yi rauni, jikinsa ya kasa yaƙi da cuta. An ruwaito cewa mahaifiyar Nana A'isha ta so ta yi jiki kafin tarewa, ta ba ta ɗanyen dabino da kokwamba, watau abinci ne na halal marar cutarwa. Ƙa'idar shari'a kuwa a bayyane take, ba a cutar da kai, ba a cutar da wani. Mijin da ya matsa wa matarsa da gori har ta kai ga shan irin wannan ƙwaya yana da kaso a cikin abin da ya same ta.

Ina rarar take tafiya?

A nan ne maganar ta wuce hannun likita. A gari ɗaya, wani lokaci a zaure ɗaya, akwai mai neman yadda zai rage kilo goma, akwai kuma yaron da ke neman santimita ɗaya a damtsensa domin ya fita daga ja. Likita zai ce wa na farko ya rage ci. Addini yana ƙara masa da tambaya: lomar da ka rage, wa ka ba? Buhari ya kawo a cikin Al-Adabul Mufrad cewa wanda ya ƙoshi alhali maƙwabcinsa yana jin yunwa, imaninsa bai cika ba. Manzon Allah ya yabi mutanen Ash'ariyyawa saboda idan guzurinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai, har ya danganta su da kansa. A shekarar toka, watau shekara ta 18 bayan Hijira, da fari ya afka wa Madina da kewayenta, Sayyidina Umar ya haramta wa kansa man shanu har launin jikinsa ya sauya, domin bai yarda shugaba ya murje talakawa suna ramewa ba. Wannan rama ce da ta fi kowace ƙiba kyau.

Shari'a ba ta bar wannan ga tausayi kaɗai ba. Suratul An'ami ta yi umurnin a fitar da hakkin amfanin gona ranar girbinsa. Wanda hatsinsa ya kai wasaƙi 5, watau sa'i 300, zai fitar da ɗaya cikin goma idan ruwan sama ya shayar, ko ɗaya cikin ashirin idan da wahala da kuɗinsa ya shayar, kamar mai injin ban-ruwa. Zakkar kaka ita ce gadar da ke ƙetarar da matalauci zuwa wata kakar. Wanda kuwa ya sayi hatsi da arha ya kulle yana jiran marka ta matse mutane, ko ya ba da buhu ɗaya a damina don a biya shi biyu a kaka, to ya sani naman da ke ƙaruwa a jikinsa daga jikin maƙwabcinsa aka yanko shi. Na farko ɓoyon abinci ne da aka hana, na biyu riba ce ƙarara.

A cikin gida ma akwai adalcin akushi. Inda aka saba a zuba wa maigida tsoka da mai, yara da mai ciki da mai shayarwa su tsaya ga abin da ya saura, a sani cewa waɗannan su ne suka fi bukata, kuma su ne damina ke fara kamawa. Magidanci makiyayi ne, za a tambaye shi game da abin kiwonsa. Bai kamata tumbinsa ya riƙa gaba damtsen ɗansa yana baya ba.

A taƙaice, ƙiba ba ta da hukunci ɗaya, rama ma haka. Wadda kaka ta kawo domin damina ta karɓa rahama ce. Wadda aka halicci mutum da ita ba abin gori ba ce. Wadda ɓarna ta tara, ko aka tara da hakkin wani, ita ce abin tuba. A riƙa awo, amma don a gyara, kada a yi shi don alfahari ko izgili. Mai hali ya auna ƙugunsa da igiya, ya auna damtsen yaran gidansa da na maƙwabta da tef, sa'an nan ya auna rumbunsa da mudun zakka. Idan waɗannan awo uku suka daidaita, ana fatan na ranar gobe ma ya yi nauyi.

Allah Ya ba da lafiya mai amfani, Ya kawo zaman lafiya a ƙasar Zamfara da Nijeriya baki ɗaya, Ya mai da manoma gonakinsu, Ya sa a dace. Amin.